Kwalbar da Ba a Wanke Ba

Akwai wani mutum mai shagon wanki da guga a ƙarshen wani layi, daidai inda kwalta ta ƙare. Mai Wanki kowa yake ce masa. Gajere ne mai kauri, ya doshi hamsin, tafukan hannunsa sun yi fari sun yi laushi kamar na jariri saboda daɗewa cikin ruwa. Bayan Ubangijinsa, abu ɗaya ya yarda da shi a duniya: duk abin da bai wanke da hannunsa ba, to ba wankakke ba ne. In aka sayi sabon kofi sai ya wanke. Sabuwar riga daga cikin ledarta sai ya wanke. Ranar da aka kawo masa injin wanki, kafin ya jefa masa ko hankici sai da ya tuɓe riga ya zura kai da soso ya wanke cikin injin. A aljihunsa kuma kullum akwai 'yar kwalbar maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin mai ƙamshin nan da yake jiƙa zannuwan gado da shi, don goge kujera ko hannun ƙofa.

Da ƙaninsa suke aikin, autan gidansu, wanda har furfura ta fito masa a gemu ba a daina ce masa Auta ba. Yaya na wanki a baya, Auta na guga a gaba. Auta dogo ne, bakinsa ba ya hutawa. Yakan ɗaga wuyan riga ya duba, ya ce mai wannan ba sa shiri da matarsa, kuma sau da yawa sai a tarar haka ɗin ne.

Bayan shagon akwai ɗan banɗaki, kuma ta cikinsa bututun ruwan ɗauraya ya bi. Saboda haka ramin bai taɓa rabuwa da kumfa ba, fara sol, tana kumbura tana sacewa kamar wani abu mai numfashi. Shekara da shekaru fitsarin Auta yana kumfa, irin mai kaurin nan da ba ta saurin mutuwa, amma wa zai tsinci kumfar mutum a cikin ta sabulu? In ya gani a gida ma dariya yake yi, ya ce sabulun shago ne ya bi jininsa. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura, aka ce tsayuwar guga ce. Fuskarsa ta riƙa tashi da safe, aka ce tururi ne. Sai wata rana da hantsi ya ajiye dutsen guga, ya zauna a kan tulin kayan mutane, ya ce wa yayansa ba zai iya tashi ba.

A asibiti wata likita ce ta karɓe su, dattijuwa mai magana a hankali. Ta ce ƙoda kamar mataci take: tana tace jini, ta zubar da datti ta fitsari, ta riƙe abin amfani. Cikin abin da take riƙewa akwai furotin, sinadarin da ke gina jiki. In matacin ya fara yagewa sai furotin ya riƙa zurarewa, shi ne yakan sa kumfa. Da an kama abin da wuri, in ji ta, da ɗan gwaji ƙarami da maganin hawan jinin da Auta bai san yana da shi ba, da an ja lokaci mai tsawo. Yanzu ƙodojin sun gaji. Sai dai a riƙa ɗora shi a na'ura tana tace masa jini, abin da ake kira wankin ƙoda, har a sami ɗan'uwa mai lafiya da zai ba shi ɗaya.

"Biyu gare ni, ko?" in ji Mai Wanki.

"Biyu gare ka, Malam, in Allah ya so."

"To me ake jira?"

Ta ce ana jiran gwaje-gwaje, kuma ya je ya yi shawara da iyalinsa. Ya je ya yi shawarar, wato ya gaya wa matarsa. Ita kuwa ta ce da ita ce ma haka za ta yi.

A makon nan ya kira mai gyaran famfo aka karkatar da bututun ɗauraya ya bi ta waje. Ramin banɗaki ya zama tsit, ba kumfa, har yana ba shi kewa. Duk safiya sai ya tsaya ya duba nasa fitsarin. 'Yan ƙwayoyin kumfa su taso, kafin ya ɗaura wando sun mutu. Da aka auna jininsa aka ce ya dace da na Auta, tafiyarsa ma sai ta sake. Ya riƙa taka layin a hankali, hannu a bayansa daidai ƙugu, kamar mai rakiyar wasu manyan baƙi biyu da ke zaune a cikinsa. Yana jin su. In ya sha ruwa sai ya yi shiru ya saurara, wai ko zai ji suna aiki.

Sai aka zo kan gwajin fitsari. A tagar ɗakin gwaji aka miƙo masa 'yar kwalbar roba mai jan murfi, aka ce ya kawo gobe. Ya tafi da ita shago, ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya juya ta. Ba ta da tabo ko ɗaya. Amma wa ya wanke ta? Da wane ruwa? Hannu nawa ta bi kafin ta iso nasa? A ce maganar ran Auta za ta shiga cikin abin da wani can ya ɗauraye yana hira? Ya kwance murfin, ya wanke ta da garin sabulu, ya jiƙa ta a maganin nan mai ƙamshi. Bai ɗauraye sosai ba, don a ganinsa gara maganin ya ɗan rage a jikinta ya ci gaba da gadi. Ya kife ta a kan farin tawul ta bushe.

Ranar da ya koma wajen likita, kayan jikinsa sun sha guga har suna ƙyalli. Ta ce ya zauna.

"Malam, an ga furotin a fitsarinka."

Ya yi murmushi, don ya ɗauka bai ji daidai ba. "Na Auta kike nufi."

"Naka."

"Ni ba na kumfa, Likita. Kullum ina dubawa."

"Ba kullum ido yake gani ba. Ka yi zazzaɓi kwanan nan? Ko wani aikin ƙarfi da ya wuce na kullum? Waɗannan sukan sa ya fito na ɗan lokaci."

"Rabona da zazzaɓi na manta."

"To za mu sake, da fitsarin farko na safe. In ya sake fitowa za mu bincika sosai. Amma gara in gaya maka tun yanzu, in naka matacin ya fara yoyo, ba za mu taɓa ƙodarka ba. Ba za mu zo da mara lafiya ɗaya mu koma da biyu ba."

Ya fito da sabuwar kwalba a hannu. A barandar asibitin ya tsaya, ya kai hannu bayansa, ya danna. Baƙin nan nasa biyu ba su ce masa komai ba.

Ɗakin wankin ƙoda yana ƙarshen barandar. Gadaje ne a jere, kowanne da na'urarsa tana ƙara a hankali, jini yana zagayawa cikin siraran robobi. Auta na kwance, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Amma bakin yana nan.

"Yaya, zo ka ga injin da ya fi naka. Ba ya cin maɓalli."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi. Wa ke yi maka guga?"

"Ni."

"Wayyo kayan mutane. Me Likita ta ce?"

"Za a sake wani gwaji."

Auta ya dube shi. Mutumin da ke karanta wuyan riga ba zai kasa karanta fuskar yayansa ba. Ya mai da ido kan silin.

"In bai yiwu ba, bai yiwu ba, Yaya. Ga ni nan ana ta wanke ni, na kusa fin ka tsafta."

"Rufe mini baki," in ji Mai Wanki. Ya gyara masa bargo ya fita.

A hanya yana tafe yana juya maganar, har ya iso inda zuciyarsa ta natsu: kwalbar ce. Bai wanke ta yadda ya kamata ba. Sauri ya yi, ga kayan mutane sun taru, ya yi mata wankin shafa-shafa, wani datti ya maƙale a gindinta ya ɓata masa suna a gaban likita. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana koyon aiki.

Wannan karon a gida ya yi aikin, a tsakar gida, da yamma. Ya sa buroshin haƙori sabo ya bi kowane lungu, har zaren murfin. Matarsa na zaune a kan tabarma tana tsefe wa 'yarsu kai.

"Sarkin tsafta, wannan kwalbar amarya ce?"

"Ke dai yi aikinki."

"Ba su ce maka a wanke take ba?"

"Sun ce. Kowa ma yana cewa ya wanke."

Ya zuba maganin bai sirka ba, ya nutsar da kwalbar a ciki, ya rufe da faranti, ta kwana a haka.

Da safe ya isa tagar ɗakin gwaji da kwalbar naɗe cikin farin hankici. Mai karɓa wata siririyar mace ce mai tabarau, ba ta cika ɗaga kai ba. Da ya ajiye ya tafi, da shi ke nan. Amma Mai Wanki ba mutumin da zai yi aiki mai kyau ya tafi ba a sani ba ne.

"'Yata, wannan ba irin ta rannan ba ce," ya ce. "Wannan kwana ta yi a jiƙe."

Ta ɗaga kai. "A jiƙe a me, Baba?"

Ya zaro 'yar kwalbarsa daga aljihu ya ɗora a kan tagar. "Wannan. Ba irin na kasuwa ba ne da ake sirkawa. Bayan na wanke ta da sabulu ke nan, da buroshi."

Ta buɗe murfin kwalbar fitsarin kaɗan, ta kai hanci, ta rufe. Ta cire tabarau ta goge ido. Dariya ta kama ta amma ba ta bari sauti ya fito ba.

"Ta farkon ma ka wanke?"

"Na wanke, sai dai ban kyauta mata ba."

"Zagayo ta ƙofar nan, Baba, in nuna maka wani abu."

Ya zagaya. Ta ɗauko ɗan kofi mai tsabta ta tara ruwan famfo a gabansa. Ta zaro wani siririn tsinken takarda mai 'yan ɗigo-ɗigon launi, ta ce da shi ake gwajin farko. Ta tsoma a ruwan, ta nuna masa wani ɗigo ruwan ɗorawa. Bai sake ba. Sannan ta karɓi maganinsa ta ɗiga kaɗan a kofin, ta tsoma sabon tsinke. Suna kallo ɗigon ya fara juyawa a hankali, kamar ganye yana tohowa, har ya zama kore.

"Ka gani? Yanzu ruwan famfon asibiti ma yana da ciwon ƙoda."

Mai Wanki ya sunkuya ya ƙura wa tsinken ido. Bai taɓa ganin abin mamaki irin wannan ba. Takarda ba ta da baki, amma ga ta tana shara ƙarya a gabansa, kuma shi ya koya mata.

"Wato ni lafiyata ƙalau?"

"Ban ce ba. Cewa na yi har yanzu ba mu gwada ka ba, maganinka muke ta gwadawa. Shi kam ba zai iya ba da ƙoda ba." Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko sabuwar kwalba cikin leda a liƙe. "Wannan tun daga inda aka ƙera ta aka kashe duk wani abu mai rai a cikinta, aka rufe."

"Da wane ruwa?"

"Ba da ruwa ba."

"To ai ba wanki ba ne."

"Ba wanki ba ne, Baba. Kuma haka muke son ta. Kada sabulu ya taɓa ta, kada ruwa ya taɓa ta, kada yatsanka ya shiga ciki. Hannunka ma ka ɗauraye shi sosai ka bushe kafin ka buɗe. Za ka iya?"

Ya buɗe baki zai ce zai iya, sai ya tsaya. Ya san kansa.

Da ya isa gida ya miƙa wa matarsa ledar, ya ba ta labari tun daga farko. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce bari Auta ya ji, ai ya sami abin tsokanarka har ku tsufa. Sannan dariyar ta tsaya, don ta ga shi ba ya yi.

"Ɓoye ta," ya ce. "Ko na roƙe ki kada ki ba ni sai da safe."

Ta kai ta ɗaki ta kulle a akwatinta. Kafin rana ta faɗi sau biyu yana zuwa bakin ƙofa yana cewa a ba shi ya duba ledar kawai, ko ta huje. Ta ce ba ta huje ba. Ya ce ko bayanta ne ya goge, ai ba a hana goge baya ba. Ta ce ya je ya goge injinsa.

Gari na wayewa ta fito da ita, ta raka shi har ƙofar banɗaki, ta kwashe sabulu da soso da buta ta riƙe a hannu.

"Ina nan tsaye," ta ce. "In na ji famfo, shigowa zan yi."

Ya rufe ƙofa. Ya yage ledar, ya kwance jan murfin, ya leƙa ciki. Babu ƙamshin komai. Abu ne da bai san hannun da ya yi shi ba, bai san ɗakin da ya kwana ba, kuma an ce ya yarda da shi haka nan. Famfo yana nan kusa da gwiwarsa, ɗigo ɗaya yana lilo a bakinsa. Tsoma ɗaya kawai, ruwa zalla, wa zai sani? Hannunsa ya tafi da kansa har ya taɓa kan famfon, ya ji sanyin ƙarfen. Sai ya tuna wuyan Auta a kan matashi, yadda ya yi tsawo. Ya janye hannun ya sa a hammata ya matse, kamar mai riƙe yaro mai ƙiriniya.

"Shiru na ji," in ji matarsa daga waje.

"Shirun ake so."

Da ya fito gumi ne a goshinsa. Ya wanke barguna masu nauyin mutum, ya wanke labulen da ya shekara bai ga ruwa ba, amma bai taɓa aikin da ya gajiyar da shi kamar rashin wankin nan ba. Ya ɗaga kwalbar ya nuna mata daga nesa.

"Ko ɗigo," ya ce.

"Na shaida."

Mai gwaji ta karɓa ta shinshina, ta gyaɗa kai, ta ce bayan tsinken za su sa a na'ura ma, wadda ke auna abin daidai, don kada a bar shakka. Kwanakin jiran ya yi su a bakin teburin guga, yana ƙona wa mutane hannun riga.

Likita ba ta ja masa rai ba. Yana zama ta ce fitsarin tas yake, tsinke bai ga komai ba, na'ura ma abin da ta gani bai wuce na kowane mai lafiya ba. Saura hoton ƙodojin da duba zuciya, kuma da aka yi su duk suka fito lafiya. Ta ce za a sa rana. Ta kuma ce bayan aikin shi ma zai riƙa zuwa ana duba fitsarinsa da hawan jininsa duk shekara, har iyakar ransa, don wadda ta rage ita kaɗai za ta ɗauki aikin biyu.

"Za ta iya," in ji shi. "Na san ta."

Daga nan ɗakin wankin ƙoda ya nufa. Auta na kwance ido rufe, na'ura na ta aikinta. Ya tsaya a kansa har ya buɗe ido.

"An gama," ya ce. "Za a sa rana."

Auta ya juyo da kai ya dube shi.

"Wacce za ka ba ni, ta dama ko ta hagu?"

"Likita ce za ta zaɓa. Ta ce wadda ta fi ƙarfi ni za a bar wa."

"Wato kwance za a ba ni."

"Tun kana yaro kwancena kake sawa. Wanne ne ya taɓa yage maka?"

Auta ya so ya yi dariya, abin bai fito daidai ba. Ya ɗora hannunsa mara allura a kan idanunsa ya bar shi a nan.

"Yaya, in kana jin tsoro, babu mai ganin laifinka."

"Ina ji mana. Yanka ni za a yi."

"To?"

"To me? Matsa in zauna."

A gadon da ke kusa akwai wani tsoho da ya daɗe yana sauraronsu, shi ma da robobinsa a hannu. Ya juyo da kai a hankali ya dubi Auta.

"Yayanka ne?"

"Yayana ne," in ji Auta, bai cire hannu daga ido ba. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Tsohon ya dubi Mai Wanki tun daga sama har ƙasa, ya daɗe yana dubansa. Mai Wanki ya gyara zama a bakin gadon, ya miƙe bayansa, ya bari a dube shi.